Yadda Ake Gano Dalilin Daskarewar Kwamfutar Tebur da Gyara Matsalar Direbobi a Windows

Idan kwamfutar tebur ta fara tsayawa cak ana tsakiyar aiki, linzami ya ƙi motsi, hoto ya ƙame a fuskar allo, abin da yawancin mutane suke yi shi ne su kai ta wajen mai gyara a goge komai a sake saka Windows. Wani lokaci hakan yakan yi magani, amma sau da yawa matsalar takan dawo bayan 'yan kwanaki, domin ba a gano tushenta ba, ga kuma asarar takardu da manhajojin da aka yi. Wannan bayani ya shafi Windows 10 da Windows 11, kuma ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da shi: a canza abu ɗaya tak a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako, sannan a wuce gaba.

Direba wata ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin Windows da kowane kaya da ke jikin kwamfuta, kamar katin hoto, katin sauti, katin intanet da firinta. Manhajar yau da kullum idan ta samu matsala ita kaɗai take rufewa, amma yawancin direbobi suna aiki ne a can cikin zuciyar tsarin, inda kuskure ɗaya ya isa ya kayar da kwamfutar baki ɗaya. Abin da ya faru ke nan ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa direbansa wani fayil mai kuskure, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 suka faɗi bisa ƙiyasin Microsoft. Sai dai zafi, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai lahani, faifan ajiya da ya gaji da kuma rashin tsayayyar wutar lantarki duk suna haddasa daskarewa iri ɗaya, saboda haka babban aikin shi ne rarrabewa.

Kayan da za a tanada

- Littafi da biro, domin rubuta lokacin kowace daskarewa da kowane canji da aka yi.
- Faifan ajiya na waje ko babban filash na kwashe takardu, da wani filash na daban mai aƙalla 8GB wanda ba a damu da abin da ke cikinsa ba.
- Wata kwamfutar ko waya mai intanet, tare da wayar USB.
- Linzami da kibod masu waya na aro, idan naka marasa waya ne.
- Sukudireba mai kan gicciye, buroshi mai laushi, da bulowa.
- Manhajoji na kyauta: CrystalDiskInfo, HWiNFO, MemTest86, BlueScreenView, da Display Driver Uninstaller wanda aka fi sani da DDU. A sauko da kowanne daga shafin masu shi.
- Kalmar sirrin asusun mai kula da kwamfutar. Idan faifan yana kulle da BitLocker, wato makullin Windows da ke ɓoye bayanan faifai, a nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 daga asusun Microsoft, a rubuta shi a takarda tun kafin a taɓa komai.

1. Abin da za ka yi a daidai lokacin da ta daskare

Kada ka yi gaggawar kashewa. Fara danna Caps Lock ko Num Lock ka dubi ɗan hasken da ke kan kibod. Idan hasken yana kunnuwa yana mutuwa, Windows tana da rai, wani ɓangare ne kawai ya maƙale. Idan ya ƙi amsawa sam, daskarewar ta yi zurfi, kuma zargi ya fi karkata ga direba ko kayan ciki. Ka dubi ƙaramar fitilar faifai a gaban akwatin kwamfutar: idan ta tsaya a kunne ba ta ƙyaftawa, ka ba ta minti biyu zuwa biyar, domin faifan da ke fama da karanta wani wuri yakan saki daga baya.

Sai ka danna maɓallai huɗu tare: Windows, Ctrl, Shift da B. Wannan yana sake tayar da direban hoto ba tare da rufe aikinka ba. Za ka ji ɗan ƙara, allo ya yi ƙyafta. Idan kwamfutar ta farfaɗo da wannan, ka samu babbar shaida a kan direban hoto. Idan ba ta farfaɗo ba, gwada Ctrl, Shift da Esc domin buɗe Task Manager, ko Ctrl, Alt da Del. Idan ya buɗe, duba ko Disk ya tsaya a kashi 100 cikin 100, ko Memory ta cika, ka rubuta sunan manhajar da ke saman jerin.

In duk sun ƙi, riƙe maɓallin kunnawa har ta mutu, kada ka fizge waya daga soket. Bayan haka ka rubuta lokaci, da abin da kake yi, da ko sauti ya ci gaba ko ya maƙale yana maimaita kansa, da kuma abin da aka saka ko aka jona a kwanakin baya. Daskarewar da ke zuwa sai ana kallon bidiyo ko wasa daban take da wadda ke zuwa da zarar an jona firinta, daban kuma da wadda ke zuwa bayan kwamfutar ta farka daga barci.

2. Kwashe takardu, sannan a duba lafiyar faifai

Da zarar ta tashi, kwafe muhimman takardu zuwa faifan waje. Wannan mataki yana gaba da kowane gwaji, domin idan faifai ne ke mutuwa, gwajin kansa yana iya ƙarasa shi. Daga nan buɗe CrystalDiskInfo. Idan ya nuna Good da shuɗi, ka wuce. Idan ya nuna Caution da rawaya, musamman a layukan Reallocated Sectors Count ko Current Pending Sector Count, ko ya nuna Bad da ja, to babu direban da zai gyara wannan, sai a sauya faifan. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗora wa faifai mai rauni umarnin chkdsk /r kafin a kwashe kaya, alhali umarnin yana bin kowane lungu na faifan na tsawon sa'o'i. Idan ba ka samu CrystalDiskInfo ba, kunne ma kayan aiki ne: tsohon faifai mai juyi da ke yin ƙas-ƙas a kai a kai a lokacin daskarewa ya riga ya faɗa maka halin da yake ciki.

3. Karanta abin da Windows ta rubuta

Danna Windows da R, rubuta perfmon /rel, ka danna Enter. Reliability Monitor zai buɗe da jadawalin kwanaki, jajayen alamu suna nuna ranakun da aka samu matsala, a ƙasa kuma ana ganin sabuntawa da direbobin da aka saka a kowace rana. Nemo ranar da jajayen alamun suka fara, ka dubi abin da aka saka a ranar ko ana gobe. A ganina wannan shafi ya fi kowane amfani ga mai koyo, kuma abin mamaki mutane ƙalilan ne suke buɗe shi.

Sannan rubuta eventvwr.msc, ka shiga Windows Logs, ka zaɓi System, ka nemi mintocin da ka rubuta a littafinka. Za ka ga Kernel-Power mai lamba 41, kuma a nan mutane da yawa suke ɓata. Wannan lamba tana cewa ne kawai kwamfutar ba ta mutu ta hanyar da ta dace ba, wato riƙe maɓallin da ka yi ma ya isa ya haifar da ita. Abin dubawa shi ne layukan da suka gabace ta. Display mai lamba 4101 yana nufin direban hoto ya daina amsawa, domin Windows takan ba katin hoto daƙiƙa 2 ne kafin ta sake tayar da shi. Disk mai lamba 7 ko 153, ko storahci mai lamba 129, suna nuni ga faifai ko wayar SATA da ke haɗa faifan da kwamfuta ko direban da ke kula da su. WHEA-Logger kuma yana nufin kayan ciki ne da kansu suka kai ƙarar kuskure.

Idan kana samun shuɗin allo, wanda a sababbin fitowar Windows 11 ya koma baƙi, ɗauki hotonsa da waya. VIDEO_TDR_FAILURE na katin hoto ne. DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL yakan zo da sunan direban da ya yi laifi. MEMORY_MANAGEMENT yana sa a fara zargin RAM, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuma kayan ciki ko zafi. BlueScreenView yana karanta fayilolin da ke cikin C:\Windows\Minidump ya fito da sunaye: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, amdkmdag.sys ko atikmdag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel. Idan ntoskrnl.exe kaɗai ya nuna, ba a gano komai ba tukuna, domin wannan ita ce zuciyar Windows, kuma a hannunta kowane kuskure yake ƙarewa. Daskarewar da ba ta kai ga shuɗin allo ba takan bar foldar Minidump babu komai, wannan ba abin damuwa ba ne.

4. Gwajin Safe Mode

Wannan shi ne gwajin da ke raba hanya biyu. Riƙe Shift ka danna Restart, sannan ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, ka danna 4, ko 5 idan kana buƙatar intanet. Idan kwamfutar ba ta kaiwa inda za ka iya yin haka, kunna ta, da zarar tambarin Windows ya fito ka riƙe maɓallin kunnawa ta mutu, ka maimaita sau biyu ko uku, za ta shiga shafin gyara da kanta. A nan ne ake iya tambayarka mabuɗin BitLocker.

A Safe Mode, Windows tana tashi da 'yan direbobinta na asali kaɗai. Bar ta a kunne fiye da tsawon lokacin da ta saba ɗauka kafin ta daskare, kana buɗe foldoji da takardu. Idan ta daskare a nan ma, tsallaka zuwa mataki na 6 da na 7, domin zargi ya koma kan kayan ciki. Idan ta zauna lafiya, direba ko wata manhaja ce ta fi kusa da laifi. Ka dai riƙe a zuciya cewa Safe Mode ba ya wahalar da katin hoto, saboda haka katin da ke da lahani a jikinsa yana iya yin shiru a nan.

5. Gyaran direbobi

Kafin ka taɓa kowane direba, rubuta Create a restore point a wurin bincike, ka kunna kariya a kan faifan C idan a kashe take, ka danna Create domin ajiye wurin komawa, wato yanayin da za ka iya mayar da Windows gare shi idan abu ya lalace. Sannan cire duk abin da ke jone ta USB in ban da linzami da kibod, ka yi aiki na yini guda. Ƙaramin filogin Wi-Fi mai arha, tsohuwar firinta ko na'urar ɗaukar hoton yatsa sun isa su daskarar da kwamfuta mai ƙoshin lafiya. Idan ta daina, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Buɗe Device Manager da umarnin devmgmt.msc, ka nemi alamar rawaya mai kusurwa uku. Danna sau biyu a kan na'urar ka karanta lambar da ke ciki: Code 28 yana nufin babu direba, Code 10 na'urar ta kasa tashi, Code 43 kuma Windows ta tsayar da ita saboda ta kai ƙarar matsala. Rashin alamar rawaya ba ya wanke direba, domin direban da ke daskarar da kwamfuta sau da yawa yakan nuna kamar lafiyarsa ƙalau.

Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga shafin Driver na na'urar ka danna Roll Back Driver domin komawa tsohon. Idan maɓallin ya dushe ba ya dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon ba ne, sai ka sauko da shi da kanka. Sabon direba ba kullum ya fi tsoho ba, musamman a kan tsofaffin kwamfutocin ofis da aka shigo da su na hannu.

Wurin sauko da direba yana da muhimmanci ƙwarai. Idan kwamfutar ta Dell ce, ko HP, ko Lenovo, shiga shafin kamfanin ka saka lambar da ke manne a jikin akwatin, wadda Dell ke kira Service Tag. Idan haɗa ta aka yi, nemi sunan madabod ɗin, wato babban farantin da duk kayan ciki ke jone a kansa, ta hanyar rubuta msinfo32, ka je shafin kamfanin da ya ƙera shi. Direban katin hoto kuma daga Nvidia, AMD ko Intel kai tsaye. Idan Device Manager ya rubuta Unknown device, shiga Details ka zaɓi Hardware Ids, za ka ga lambar da ke bayan VEN: 8086 na Intel ne, 10DE na Nvidia, 1002 na AMD, 10EC na Realtek. Bincika wannan layi a intanet zai ba ka ainihin sunan na'urar. Ina gargaɗi da babbar murya game da manhajojin nan da ke alkawarin sabunta duk direbobi da danna ɗaya. Suna canza direbobi goma a tare, wasu ba su dace da kwamfutar ba, kuma idan matsala ta biyo baya babu hanyar sanin wanne ne ya jawo ta.

Idan direban intanet ne ya lalace, jona wayarka da USB ka kunna USB tethering, ko ka sauko da fayil ɗin a wata kwamfutar ka kawo shi a filash.

Direban hoto yana buƙatar wanki na musamman, domin ragowar tsohon yakan gauraya da sabon. Fara sauko da direban da za ka saka ka ajiye shi a Desktop. Cire wayar intanet ka kashe Wi-Fi, in ba haka ba Windows Update za ta riga ka ta saka nata. Shiga Safe Mode, buɗe DDU, zaɓi GPU, wato katin hoto, da kamfanin katin, ka danna Clean and restart. Idan ta tashi rubutu zai yi girma, hoto ya yi muni, wannan daidai ne. Saka direban da ka ajiye, sake kunna kwamfutar, sannan ka mayar da intanet. Idan babu DDU, mai saka direban Nvidia yana da zaɓin Perform a clean installation a ƙarƙashin Custom, AMD kuma tana da AMD Cleanup Utility. Idan ka ga Windows tana maye gurbin direban da ya yi maka aiki, dakatar da sabuntawa a Settings, wanda yake yiwuwa har tsawon mako biyar, kafin ka tabbatar da sakamakon gwajinka.

Idan an wanke direba, an gwada sabo da tsoho, amma lamba 4101 ba ta daina fitowa ba, cire katin hoton gaba ɗaya ka jona allo a ramin madabod, muddin CPU ɗin, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, yana da nasa hoton a ciki. Irin na Intel masu harafin F a ƙarshen suna ba su da shi. Idan daskarewa ta tsaya, katin ne ko wutar da ke ciyar da shi.

6. Zafi, ƙura da wuta

Buɗe HWiNFO a yanayin Sensors-only ka bar shi a gefe kana aiki. CPU da ba ya komai bai kamata ya wuce digiri 50 da yawa ba, kuma yawancinsu suna rage gudu da kansu idan suka kai 95 zuwa 100. Ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu suna haɗuwa su yi wa kwamfuta illa, musamman wadda aka ajiye a ƙasa a shagon da ke bakin titi. Idan ka buɗe irin wannan akwati za ka tarar ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, har iska ba ta iya ratsawa.

Kashe kwamfutar, cire wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wuta ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka sa hannu ciki. Fitar da ita waje ka hura da bulowa, kana riƙe kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Kada a hura da baki, kada a sa tsumma mai ruwa. Idan babu bulowa, buroshin fenti sabo mai laushi ya wadatar. Idan zafi bai sauka ba bayan shara, man da ke tsakanin CPU da ƙarfen sanyaya ya bushe ke nan, sai a goge shi a ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya. Man goge baki ko giris ba sa maye gurbinsa.

Kwamfutar da ke mutuwa ko sake tashi farat ɗaya idan aiki ya yi nauyi, ba tare da shuɗin allo ba, akwatin wutarta na ciki ake fara zargi. Ka lura ko daskarewar tana dacewa da lokacin da aka koma kan janareta ko wuta ta yi ƙasa, ka gwada ta a kan UPS ko sitabilaiza. Akwatin wutar ana gwada shi ne ta hanyar musanya shi da wani mai kyau. Kada ka kwance shi ko da an cire waya, domin yana riƙe wutar da ke iya kisa.

7. Gwajin RAM

Hanya mafi sauƙi ita ce rubuta mdsched.exe ka zaɓi sake kunnawa nan take. Wadda ta fi tsanani ita ce MemTest86: a saka shi a filash ɗin nan na biyu, a tayar da kwamfuta daga kansa, a bar shi ya kammala zagaye huɗu, abin da kan ɗauki sa'o'i, saboda haka a tabbatar da wuta. Tsohuwar kwamfutar da ba ta da UEFI (sabon nau'in BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows) sai a yi mata amfani da Memtest86+. Kuskure ko ɗaya ne ya isa. Idan an same shi, cire sandunan RAM, goge haƙoransu na zinariya a hankali da magogin fensir, kaɗe ɓurɓushin, ka mayar da sanda ɗaya kaɗai har maƙallan gefe su kama, ka sake gwaji. Haka za ka bi kowace sanda da kowane rami.

Idan an kunna XMP, wato saitin ƙara wa RAM gudu, ko an ƙara wa CPU gudu a BIOS, a kashe. Kafin ka danna mayar da saitin BIOS na asali, ɗauki hoton kowane shafi da waya, musamman wurin SATA, domin idan ya sauya tsakanin AHCI da RAID, Windows za ta ƙi tashi ta nuna INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mai koyo kuma ya ɗauka faifansa ya mutu.

8. Fayilolin Windows da manhajojin da ke tashi tare da ita

Buɗe Command Prompt a matsayin mai kula, kana jone da intanet, ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth. Yakan daɗe a wuri ɗaya kamar ya tsaya, ka ƙyale shi. Idan ya gama ka rubuta sfc /scannow. Daga nan buɗe msconfig, a shafin Services ka fara sa alama a Hide all Microsoft services, sannan Disable all. Tsallake wannan alama kuskure ne mai tsada, domin yana iya hana ka shiga kwamfutar da lambar PIN. Kashe abubuwan Startup a Task Manager, ka sake kunnawa. Idan daskarewa ta tafi, mayar da rabinsu, ka gwada, ka ci gaba da rabawa. Riga-kafin ƙwayoyin kwamfuta guda biyu a tare sanannen dalili ne, a bar ɗaya.

Idan matsalar tana zuwa ne bayan Shut down amma ba ta zuwa bayan Restart, kashe Fast Startup a Power Options na Control Panel, domin yana ajiye direbobi yadda suke ya dawo da su da kuskurensu.

9. Idan har yanzu ba a gano ba

Rubuta rstrui ka mayar da Windows zuwa ranar da ta gabaci matsalar, idan akwai wurin komawa. Wannan ba ya taɓa takardunka, amma yana cire manhajoji da direbobin da aka saka bayan ranar. Kafin ka yanke hukuncin goge komai, saka Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda tsarin sarrafa kwamfuta ne daban da Windows, a filash ka tayar da kwamfutar daga kansa ba tare da girka shi ba, ka yi kallon bidiyo da lilo a intanet na 'yan sa'o'i. Idan ta daskare a can ma, sake saka Windows ɓata lokaci ne, madabod ko akwatin wuta ya rage a musanya. Idan ta zauna lafiya, yanzu ne sake sakawar take da hujja.

A sauko da Windows daga shafin Microsoft, a guji kwafin da aka yi wa kwaskwarima. A tuna cewa tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, saboda haka idan kwamfutar ta cika sharuɗɗan Windows 11, ita ta fi dacewa. Bayan an gama, fara da direban chipset, wato na madabod, sai na intanet, sai na hoto, sai na sauti, kana yin wurin komawa kafin kowanne kuma kana sake kunnawa bayansa. Firinta da sauran kayan USB su jira har kwamfutar ta yi kwana biyu tana aiki ba ta tsaya ba.